Muhawara: Na samu aikin jinya a Ingila, amma Inna ta yi shiru

Maman Hanif: Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawara nake nema, kuma ina roƙon wanda zai amsa ya gaya min gaskiya ko da ɗacinta. Ni nas ce, shekarata tara ina aiki a wani asibitin gwamnati a nan Kano. Na ci jarrabawar Turanci, na ci ta kwamfuta, yanzu wani asibiti a arewacin Ingila ya turo min takardar ɗauka. Sauran jarrabawar aikin hannu, ita a can ake yi. Maigidana malamin sakandare ne, ya amince, yara uku. Da na gaya wa Inna, mahaifiyata, ba ta ce kar in je ba, cewa kawai ta yi Allah ya sa shi ne mafi alheri, ta ci gaba da jan carbinta. Shekararta 71, tana da hawan jini da ciwon suga, ni ke auna ta duk Juma'a, ni ke sayen maganinta. Shirun nan nata ya hana ni barci. Waɗanda suka tafi, don Allah me kuka samu, me kuka rasa?

Ɗan Gwale: Wa alaikumus salam. Hajiya ai kin riga kin samu amsa a shirun Inna. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Wane kuɗi ne zai saya miki uwa?

Anti ta Manchesta: Wa alaikis salam ƙanwata. Malam Ɗan Gwale a yi mana haƙuri, kar a yanke mata hukunci da karin magana ɗaya, ai masu karin maganar su ne kuma suka ce zama wuri ɗaya tsautsayi ne in ji kifi. Bari in fara da lissafi tunda shi ya fi sauƙi.

Na zo a 2021 ta irin wannan hanyar taki. Sabon nas a asibitocin gwamnati na nan yana farawa da wajen fam dubu 30 a shekara. In kika buga shi da canjin yau, fam ɗaya wajen naira 2,000, sai kanki ya juya. To amma ba haka yake shigowa hannu ba. Kafin ya taɓa asusunki an cire haraji, an cire kuɗin inshorar ƙasa, an cire na fansho. Abin da ya rage a wata bai cika wuce fam dubu biyu ba. Daga nan haya, wadda a garuruwan arewa ma gidan da zai ɗauki mutum biyar zai iya cinye kusan rabinsa. Sai harajin ƙaramar hukuma da ake biya a kan gidan da kike zaune ko da na haya ne, sai wuta da gas, wanda da sanyi yake tashi saboda hita. Shekarar farko ban ajiye komai ba, bashin da na ci na tahowa na dinga biya.

Amma ba zan ɓoye miki alherin ba. Albashi ba ya makara ko kwana ɗaya. Yara suna makarantar gwamnati kyauta. Ɗana yana da asma, tun da muka zo ban taɓa tsayawa ina lissafin kuɗi a bakin asibiti ba. A wurin aiki ban taɓa riƙe fitilar waya a baki ina neman jijiya ba, ban taɓa cewa dangin mara lafiya su je su sayo safar hannu ba. Wannan kaɗai wata irin nutsuwa ce da sai wanda ya yi aikin dare a gida zai gane.

Maman Hanif: Anti kin taɓo min inda yake min ciwo. Makon jiya da fitilar waya muka karɓi haihuwa. Uwar ta rayu, jaririn bai rayu ba, iskar oksijin ta ƙare. Na koma gida na kasa cin abinci.

Likitan Ƙauye: Sista, to in kin tafi wa zai riƙe fitilar?

Ba gori nake miki ba, wallahi. Ni ma fasfo ɗina yana cikin durowa, kuma a ajinmu na jami'a waɗanda suka rage a ƙasar nan za a ƙirga su da yatsu. Ministan lafiya Muhammad Ali Pate da bakinsa ya ce likitoci wajen dubu 16 sun fice cikin 'yan shekarun nan. A farkon 2024 shugaban hukumar ma'aikatan jinya ya ce nas dubu 42 sun bar ƙasar cikin shekara uku. Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka Najeriya cikin jerin ƙasashen da bai kamata a zo ana kwasar ma'aikatan lafiyarsu ba. Kuma mu 'yan Arewa mun fi kowa jin wannan a jiki, don dama can likitocin sun fi taruwa a Legas da Abuja. Inda nake, ni kaɗai ne likita a asibitin, da nas huɗu. In ɗaya ta tafi, ba lamba ce ta ragu a takarda ba, dare ne guda da mai naƙuda za ta zo ta tarar da ƙofa a rufe.

Kuɗin talakan nan aka karantar da mu da shi. Wannan ne yake mayar da fasfo ɗina durowa duk lokacin da na ɗauko shi.

Bakatsine a Kanada: Likita, da girmamawa, wannan nauyin ba a wuyan Maman Hanif yake ba. Ta ba ƙasa shekara tara. Wanda ya ci kuɗin oksijin shi za a tambaya. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 aka kuma saki naira a watan Yuni, albashin da ya kai ƙarshen wata ya koma kaiwa ranar sha biyar. An mayar da mafi ƙarancin albashi naira dubu 70 a 2024, je ka kasuwar Dawanau ka ga me zai saya. Mutum ba ya tashi ya bar uwarsa don marmari.

Kuma waɗanda suka tafi ba su yar da ƙasa ba. Kuɗin da 'yan Najeriya mazauna waje suke turowa gida yana kaiwa wajen dala biliyan 20 a shekara. Marayu nawa wannan kuɗi ya sa a makaranta, aure nawa ya yi, gado nawa ya biya a asibiti?

Likitan Ƙauye: Gaskiya ne. Sai dai kuɗin da aka turo ya biya gadon, ba ya tsayawa a kan gadon da ƙarfe biyun dare.

Ɗan Damagaram: Salamu alaikum. Ni maganata daban ce kaɗan, don wanda ke karatu a ɓoye, wanda ba ya da takarda irin ta Hajiya amma zuciyarsa na gaya mishi ya tashi. Tafiya kala-kala ce. Hajiya za ta shiga jirgi da biza. Ni ta Agadas na bi, bayan mota, sanda tsakanin ƙafafu don kar in faɗo, jarkar ruwa a ɗaure. Kwana huɗu zuwa Dirku, sannan Sabaha a Libiya. Abin da idona ya gani a gidan da aka tsare mu ba zan rubuta shi a zauren da mata da yara ke ciki ba. Sai da gida suka saida gona aka sako ni.

Ku tuna 2013, watan Oktoba, da aka tsinci gawa 92 a hamada arewa da Arlit kusa da iyakar Aljeriya, mafi yawansu mata da yara, mutanenmu na wajen Kance. Motarsu ta lalace, ƙishirwa ta kashe su. A 2015 Nijar ta yi dokar hana safarar baƙin haure, sai direbobi suka riƙa kauce wa rijiyoyi don gudun sojoji, abin ya ƙara muni. A watan Nuwamban 2023 an soke dokar, hanya ta buɗe, amma hamadar ita ce dai, Libiyar ma ita ce. In dillali ya ce maka Turai nan kusa take, tambaye shi don me shi bai je ba.

Mai kula da zaure: Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Mun gode ɗan'uwa. A ci gaba amma a kiyaye harshe, na goge saƙo biyu.

Anti ta Manchesta: Maganar dillali ta tuna min. Ko ta jirgi ma ana cutar mutane. Daga 2022 da aka buɗe bizar masu kula da tsofaffi, 'yan'uwanmu da yawa sun sayar da fili da mota sun ba ejan miliyoyi don takardar ɗaukar nauyi, alhali takardar nan a doka ba ta sayarwa ba ce, wanda ya ɗauke ki aiki shi yake biya. Sun sauka sun tarar babu aikin, ko kamfanin an ƙwace lasisinsa. Kuma bizar a jikin mai aikin take ɗaure, in ta tsinke kwana 60 ake ba ka ka nemo wani ko ka fita. Na san wadda ta kwana wata biyu a falona.

Sannan dokokin ba sa zama wuri ɗaya. Janairun 2024 aka hana yawancin ɗaliban digiri na biyu tahowa da iyali. Maris ɗin shekarar aka hana masu kula da tsofaffi tahowa da nasu. Yulin 2025 aka rufe ɗauko su daga waje gaba ɗaya. Nas mai rajista irinki har yanzu tana tahowa da miji da yara. Izinin zama na dindindin bayan shekara biyar ake nemansa, amma a watan Mayun 2025 gwamnati ta fito da shirin tsawaita shi zuwa goma ga mutane da yawa. Ma'ana kina gina gida ne a filin da mai shi zai iya matsar da iyaka duk ranar da siyasa ta juya. Ki shiga da sanin haka.

Maman Hanif: Ni babu ejan a tsakani Anti, kai tsaye na nema, su ne ma za su biya jirgi. To Inna fa? Zan iya ɗauko ta daga baya?

Anti ta Manchesta: A nan ne zan gaya miki abin da ba kya son ji. Ta zo ta zauna, kusan a ce ba ya yiwuwa. Akwai bizar iyayen da suka dogara da 'ya'yansu, amma sharuɗɗanta sun yi tsauri ƙwarai, kuma mai bizar aiki irin tamu ba ta ma cikin masu iya nema. Sai ta ziyara, wata shida iyaka, in sun bayar. Kuma ki yi tunanin tsohuwa mai shekara 71 a ɗaki, ƙofa a rufe, kowa ya fita aiki da makaranta, babu maƙwabciyar da za ta leƙo ta ce ina kwana, rana ta faɗi kafin ƙarfe huɗu a watan Disamba. Tawa ta zo sau ɗaya, sati uku ta fara haɗa kayanta.

Mahaifina ya rasu a 2023. Ina aikin dare, wayata tana cikin loka. Na fito hutun rabin awa na ga kira goma sha bakwai. Kafin in samu izini in nemi tikiti an kai shi makwancinsa, kin san mu ba ma jinkirta gawa, kuma daidai ne. Ta bidiyo na ga makara tana fita daga ƙofar gidan da aka haife ni. Ni na saya masa magani mafi kyau, ni na biya masa asibitin kuɗi, da ba don ina nan ba da wataƙila bai kai 2023 ɗin ba. Duk wannan gaskiya ne. Kuma ban riƙe hannunsa ba, shi ma gaskiya ne. Har yau ban iya ɗora ɗaya a kan ɗaya na ce wannan ya rinjayi wancan ba.

Ɗan Gwale: Allah ya jiƙan Baba. Anti ki yafe min saurin bakin da na yi. Amma kin ga abin da nake nufi ke nan. Wani sahabi ya zo neman izinin fita jihadi, Annabi (SAW) ya tambaye shi ko iyayensa suna raye, ya ce e, ya ce to a kansu za ka yi jihadinka. In jihadi aka mayar da mutum saboda iyaye, ina ga neman fam?

Malama Mai Islamiyya: Malam, hadisin ingantacce ne, amma a ɗora shi inda ya dace. Malamai sun yi maganar izinin iyaye da kuma ko akwai wanda zai tsaya musu. Neman halal don ciyar da iyali da su iyayen kansu shi ma ibada ne. Abin da zan ce wa Maman Hanif: shirun uwa ba izini ba ne, ba kuma hani ba ne. Iyayenmu mata ba sa son a ce su suka tare wa ɗa arziki, sai su haɗiye. Ki je ki zauna da ita ku biyu, ba a gaban maigida ko yara ba, ko ki sa ƙanwarta ko aminiyarta ta ji cikinta. Sannan istihara. Ke kaɗai ta haifa ne?

Maman Hanif: Mu biyar ne Malama. Maza uku, biyu suna Kano ɗaya yana Kaduna, sai ƙanwata da take aure a Ɗorayi. Amma kin san yadda abin yake, in akwai nas a gida kowa sai ya saki hannu.

Baffa na Jidda: 'Yata, bari tsoho ya sa baki. Na zo ƙasar nan da niyyar shekara biyu, in tara jarin shago in koma Kurmi. Yanzu gemuna ya yi fari a nan. Babu wanda yake fita da niyyar daɗewa, kowa shekara biyu yake cewa. Sai a ce bari yaro ya gama aji, bari a gama ginin gida, bari a aurar da wance. Ranar da ka koma ziyara sai ka ga abokanka rabi suna maƙabarta, yaran unguwa suna tambaya wane ne wannan baƙon.

Nan akwai Harami, akwai kiran salla, ba ka neman inda za ka yi alwala a ɓoye. Likitoci da nas ɗinmu da suke zuwa da kwantiragi ba a cire musu harajin albashi, kuma daga Jidda zuwa Kano awa biyar ne ko ƙasa da haka, jirgi yana tashi kai tsaye. Amma ko shekara arba'in ka yi, igama, wato takardar izinin zama, ce a hannunka, ranar da kafili ya ce ya gama, ka gama. An sassauta tsarin kafala a 2021, sai dai masu aikin gida ba sa ciki, su kuwa su ne yawancin matanmu da ake kawowa. Kalmar takari kuma har yau tana nan a bakin mutane, har ga jikokin waɗanda suka zo da ƙafa tun zamanin da. In dai kusa da Inna kike so, ki duba nan ɗin ma kafin ki yanke. Amma ba wurin da za ki ce ya zama naki ba ne.

Jikar Mai Wurno: Baffa ya faɗi gaskiya, kuma mu ne shaida. Kakanninmu sun taso bayan yaƙin Burmi a 1903, inda aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru, suka bi ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno har bakin kogin Nilu Shuɗi a Sudan. Garin yana nan da sunansa kusa da Sinnar. Fiye da shekara ɗari, mun yi noma, mun yi karatu, an haifi kakata a can. Duk da haka a 2022 da rikici ya tashi a jihar Nilu Shuɗi, abin da aka fara cewa shi ne Hausawa ba su da ƙasa a nan, aka kashe mutane da yawa. Sai ga yaƙin 15 ga Afrilun 2023. Ɗaliban Najeriya an kwashe su a motoci zuwa iyakar Masar sun koma gida. Mu ina za a kwashe mu a kai?

Ba ina cewa kar ki je ba. Ina cewa ki riƙe ƙofar komawa a buɗe. Fasfo na yara kar ya mutu, Hausa kar ta fita daga bakinsu, ko ɗaki ɗaya ne ki mallaka a Kano. 'Yan'uwanmu na zangon Kumasi sun ga irinta a 1969 da gwamnatin Busia ta kori baƙi, ita ma Najeriya ta yi wa 'yan Gana a 1983.

Bakatsine a Kanada: Maganar yara ita ce ni ta fi damuna yanzu, ba sanyi ba, ko da yake a Winifeg sanyi yana sauka ƙasa da sifili da maki 30, gashin hancinka ma daskarewa yake. 'Yata ta zo tana da shekara huɗu, yanzu tara. Ina mata Hausa tana mayar min da Turanci. Kakarta ta kira a waya, gaisuwa biyu sai shiru, sai ta miƙo min wayar. A gida unguwa ce take tarbiyya, maƙwabci zai tsawatar, kawu zai gyara, Islamiyya tana bayan layi. A nan kai da matarka ne kawai, ku ma kun gaji. Islamiyya sai Asabar da Lahadi, ka tuƙa mota minti talatin ka kuma biya. Ana iyawa, na ga gidajen da yaransu suka haddace Alƙur'ani a nan, amma aiki ne na biyu bayan aikin.

Duk da haka in aka ce in sake zaɓa zan sake tahowa. Ƙanina an sace shi a hanyar Jibiya, sai da muka biya. Barcin da nake yi ba tare da na kasa kunne ga ƙarar babur ba, ban san kuɗinsa ba.

Anti ta Manchesta: Mu ma a watan Agustan 2024 da tarzoma ta tashi bayan kisan wasu yara a garin Sawusfot, aka far wa masallatai da otal ɗin masu neman mafaka, kwana uku ban bar 'yata ta fita da hijabi ita kaɗai ba. Ya wuce, maƙwabtana Turawa ma su suka zo suna tambayar ko muna lafiya. Amma na ji abin da Jikar Mai Wurno take faɗa a jikina.

Sai abu ɗaya da ba wanda ya taɓo, kuma shi ya fi kashe aure a nan: maigida. Ƙanwata, ke ce mai biza, shi a ƙarƙashinki zai shigo. A Kano malami ne, ana gaishe shi a hanya, ɗalibai suna russunawa. A nan takardarsa ba za ta sa shi aji nan take ba. Abin da ke kusa shi ne ɗaukar kaya a sito, ko gadi, ko kula da tsofaffi, ya yi wa wani wanka ya canja masa ƙunzugu. Kuma in kina aikin awa goma sha biyu, shi zai kai yara makaranta, shi zai ɗora tukunya, don kuɗin mai raino a nan ya fi ƙarfinku, kuma bizarku ba ta ba ku damar karɓar tallafin gwamnati ba. Wani namijin yana ɗauka da zuciya ɗaya, nawa ya ɗauka, Allah ya saka masa. Wani kuwa yana haɗiyewa har ya zama ƙulli, ga shi babu surukai ko waliyyi kusa da za su zaunar da ku. Amincewar da ya yi, ya san wannan ya amince, ko hoton Landan ya gani?

Baban Hanif: Assalamu alaikum. Ni ne maigidan, ta nuna min zauren, na karanta tun daga sama. Anti na gode, tambayarki tana kan hanya. Gaskiya ban san abin ya kai haka ba. Ba na ƙyamar aiki, na yi acaɓa ina ɗalibi. Amma shekara goma sha huɗu ina koyar da lissafi, kuma ina son aikina. Abin da ya sa na amince, Hanif yana son zama injiniya, ni kuma na san aji nawa nake shiga mai yara sama da ɗari. Zan sake tunani a kan ko mu tafi gaba ɗaya ko ita ta fara yin gaba.

Malama Mai Islamiyya: Malam, raba gida shi ma da nasa. Mace ita kaɗai a baƙon wuri, yara babu uwa. In za a yi haka a sa masa wa'adi, wata shida ko makamancin haka, kar a bar shi a buɗe.

Likitan Ƙauye: Sista, na sake karanta abin da na rubuta ɗazu, na ga kamar na ɗora miki kayan da ba naki ba. In kin tafi ba ki ci amanar kowa ba. Roƙona ɗaya, akwai waɗanda suka je suka ƙware a jinyar jarirai ko ɗakin kulawa ta musamman suka dawo suna koyarwa, ko suna zuwa hutu su yi mako biyu a makarantar nas. Kaɗan ne amma akwai su. In kin je ki zama cikinsu. Maganar Inna kuma, awon suga da na jini ba sai nas ba, ƙanwarki za ta koya a rana ɗaya. Ki saya musu na'urar, ki rubuta musu jadawalin magani, ki haɗa su da likita ɗaya da zai san ta.

Ɗan Gwale: Na'ura za ta auna jini, amma zuwan Juma'ar nan ba don awo kaɗai Inna take jiransa ba. Ni dai ina nan a kan bakana, kuma ina yi miki fatan alheri ko wanne kika zaɓa.

Baffa na Jidda: Shi ma ya faɗi gaskiya.

Maman Hanif: Na gode muku duka, Allah ya bar zumunci. Jiya da daddare na je gida, na aiki yara waje, na zauna a bakin gadonta na ce Inna ki gaya min abin da ke ranki. Ta daɗe ba ta yi magana ba. Sannan ta ce ita ma tana da shekara goma sha biyar aka ɗauko ta daga ƙauyensu aka kawo ta Kano, uwarta ta yi kuka amma ba ta hana ba. Ta ce ba tafiyar take tsoro ba, abu biyu ne: kar yaran su dawo ba su iya gaishe ta ba, kuma tana so in ni ce zan yi mata wanka in ranar ta zo. Na kasa ce mata komai, don na farkon zan iya yi mata alkawari, na biyun ba a hannuna yake ba.

Asibitin sun ba ni zuwa ƙarshen wata in ba su amsa. Ranar Asabar mun kira taron 'yan'uwa a gidan Yaya Babba, har na Kaduna zai zo, za mu raba kwanakin Inna da kuɗin magani a rubuce, ko na tafi ko ban tafi ba. Anti, don Allah zan biyo ki ta akwati, ina son sanin kwana nawa ake ba mutum in rasuwa ko rashin lafiya ta taso a gida, da kuma kuɗin tikitin gaggawa zuwa Kano, in san nawa zan ware in ajiye ban taɓa ba.

Anti ta Manchesta: Ki turo, na tashi daga aiki ƙarfe takwas na safe. Ki haɗo da takardar da suka ba ki in duba miki sharaɗin mayar da kuɗi in kika bar aikin kafin wa'adi, a nan suke ɓoye shi.